Kukan Trifon a Wayar Kowa

Shekara talatin Radko ya yi yana rubuta allunan shaguna a garin Troyan, har injin buga allo ya zo ya raba shi da sana'ar. Ya zauna shiru wajen shekara biyu, yana ban ruwan tumatir yana faɗa da rediyo. Daga baya 'yarsa da ke aiki a Sifen ta aiko masa da allon zane irin na zamani, sai hannun ya tuna aikinsa. Ya shiga zana sitika, 'yan hotunan nan da ake jefawa cikin hira a waya maimakon a rubuta magana.

Kuma Allah ya ba shi, wannan ba a musu. Layi huɗu zai ja ka gane mutum. Ya zana mai gasa burodi da hannu a ƙugu, ya zana mai kai wasiƙu yana hamma. Duk wanda aka zana sai ya yi ƙorafin ƙarya, ya koma gefe yana nuna wa matarsa. Yabo ya yi wa Radko daɗi, kansa ya fara girma, ya zama ba ya kallon fuskar mutum sai da tunanin yadda za ta fito a waya.

Amininsa tun aji ɗaya shi ne Trifon, tsohon direban jirgin ƙasa, mutumin da ba ya iya ɓoye komai a fuska. Ranar auren 'yarsa Bilyana, ana tsakiyar rawar da'ira, Trifon ya tsaya cak ya fashe da kuka, baki a buɗe, gashin baki na rawa. Jama'a suka ce kukan farin ciki ne. Radko ya san ba haka ba ne. A waƙar da ake kaɗawa lokacin ne Trifon ya saba kama hannun matarsa Nevena, ita kuwa wata bakwai ke nan da binne ta.

Ya sani sarai, amma fuskar ta yi masa kyau. Ya zana ta, ya rubuta "Wayyo ni!" a ƙasa, ya jefa a zauren hirar unguwa na waya.

Kafin mako ya zagayo, duk garin na kuka da fuskar Trifon. Ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, Trifon. Miya ta ƙone, Trifon. Aka daina kiransa da sunansa a kasuwa, sai "Wayyo ni". Radko ya goge sitikar daga wayarsa, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta shiga wayoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Trifon bai yi faɗa ba. Ya dai daina zuwa shagon kofi, ya daina ɗaga waya.

Abin ya ci Radko ƙwarai, kunya kuma ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ya jira watan Fabrairu, ranar bikin waliyyin da Trifon ya ci sunansa, wadda a al'adarsu ake zuwa taya mai sunan murna, ranar da ba a gayyatar kowa kuma ba a korar kowa. Ya ɗauki banitsa mai zafi, wato gasasshen fulawa mai cuku a ciki, da kwalbar barasar gida, ya je da hantsi kafin baƙi su cika gidan.

Trifon ya buɗe, ya dube shi, ya matsa gefe.

"Allah ya raya sunan, Trifon," in ji Radko.

"Amin. Shigo, malam mai zane. Ka zo da alƙalamin, ko yau hutu kake?"

"Haba, Trifon. Wallahi na goge ta."

"Ka goge? To madalla. Jiya ma Bilyana ta turo min ita, wai motarta ta ƙi tashi."

Ya ba shi kujera, ya zuba masa kofi, ya yanka banitsar daidai wa daida, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Fuskar nan da kowa ke karantawa ta zama kamar bango.

"Wasa na ɗauke shi," Radko ya ce a hankali.

"Da mai burodi ne ya zana, da na yi dariya. Shi bai san komai ba. Kai fa? Kai ka riƙe ni a bakin kabarinta don kada in faɗi. Duk wurin bikin nan, mutum ɗaya ne ya san wa nake nema."

Gashin bakin Trifon ya fara rawa, irin ta ranar bikin. Radko ya miƙe zai dafa kafaɗarsa, kamar yadda ya saba tun suna yara. Trifon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya juya ya fuskanci taga.

"Fita tsakar gida tukuna," ya ce. "In na gama zan kira ka."

Radko ya fita ya tsaya cikin sanyi, ya ja ƙofar da hannunsa.