Layin Dogo a Ɗakin Ƙofa

Mahaifina ya yi aikin sigina a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa tun kafin a haife ni. Zai ja wani hannun ƙarfe, waya ta miƙe, allon da ke kan dogon turke can bakin tasha ya sunkuya, direba ya gane an ba shi hanya. In allon yana miƙe, ko wane ne a cikin jirgin, tsayawa zai yi.

Da ya yi ritaya ya koma noma. Da tsufa ya zo, ƙafa ta ƙi, mahaifiyarmu kuma ta rasu, sai na ɗauko shi zuwa gidana a Gumel, inda nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Watanni ya yi a kan tabarma, daga salla sai kallon bango. In ka yi masa magana goma, da ƙyar ya amsa ɗaya.

Wata Asabar da hantsi ina shirya darasin lantarki. Na ciro ɗan inji daga tsohuwar rediyo mai kaset, na ɗaura shi a gwangwanin kifi, na yi masa ƙafafu da marafen kwalba, na sa batir. Gwangwanin ya ruga a kan siminti ya bugi buta. Sai na ji murya a bayana.

"Uwata, wa ya ba shi hanya?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na juya na ga ya ɗago, idonsa a kan gwangwanin. Na ce, "Baba, ba kowa." Ya ce, "To ba a haka."

A makon na share ɗakin ƙofa, maigidana ya taya ni shigo da faffaɗan katako mai ƙafafu. Na shimfiɗa layi da wayar ƙarfe, na jera tsinkayen ashana a ƙarƙashi. Tasha biyu muka yi, layi ɗaya a tsakaninsu. Ɗaya Gagarawa, ɗaya Gumel. Ban taɓa ganin jirgi a Gumel ba, amma katakona ne, na sa.

Siginata ta farko na yi alfahari da ita. Allon na yanka daga gwangwanin madara, na shafa masa jan fenti, na ɗaura zare ya riƙe shi a miƙe. Baba ya duba, ya ce in ba shi reza. Ya datse zaren. Allon ya sunkuya.

"Me ya ce wa direba yanzu?"

"Ya ce ya wuce."

"Kin kashe mutane. Waya tana tsinkewa, rana tana cinta, jaki yana takawa. In ta tsinke, allo tsayawa zai ce, ba wucewa ba."

Na sake ginawa. Na rataya notin ƙarfe a bayan allon, nauyinsa yana riƙe shi a miƙe, zare kuma shi ke jawo shi ƙasa. Ya sake datsewa, allon ya koma tsaye da kansa. Bai yabe ni ba, amma ranar ya cinye tuwonsa.

Daga nan ya koya mini maganar sanda. A layi ɗaya, in ji shi, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa sandar ƙarfe ta wannan tsakanin, kuma guda ɗaya ce ke fita, don kada jirage biyu su haɗu goshi da goshi. Na yi tamu da ƙusa. Kowace tasha tana da rami, kuma sai an soka ƙusar wuta take isa jirgin da ke can. Ƙusa ɗaya ce tak, a aljihun Baba take kwana.

Magana ta fara yawo a unguwa. Wai malama guda, mai 'ya'ya a jami'a, ta koma wasan gwangwani, ta kuma ja tsoho ciki. Wata maƙwabciya ta tambaye ni a gidan suna ko lafiya nake. Na ce mata lafiya lau, in tana so ta zo ta gani, amma ta cire takalmi a ƙofa.

Har maganar ta kai Maigatari, wurin yayana, wanda ke fataucin riɗi. Ya zo wata Lahadi bayan la'asar, ya same mu a ɗakin. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya kira ni waje.

"Ke, wannan wane irin abin kunya ne? Mutumin da gari ke girmamawa kin zaunar da shi gaban tarkacen bola? Ki kwashe. In ba haka ba, Juma'a in zo da mota in tafi da shi."

Tun muna yara ban taɓa mayar masa da magana ba. Ranar na ce, "Yaya, ba zan kwashe ba. Wata nawa yana kallon bango, sau nawa ka zo? Yanzu da yake ci yake magana shi ne ka ga abin kunya?"

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa, Yaya. In za ka tafi da shi, ka shiga ka tambaye shi."

Ya shiga a fusace. Jirgin yana tsaye a Gagarawa, allo a miƙe. Ya ce, "Baba, wannan ne aikin?" Ya sa yatsa ya tura gwangwanin ya wuce sigina. Baba ya buge masa hannu, bugu mai ƙara.

"Mayar da shi baya. Shekara talatin ban bar kowa ya yi haka ba."

Yayana, mutum mai furfura a gemu, ya tsaya yana kallon bayan hannunsa. Ya mayar da gwangwanin. Ya fita bai yi mini sallama ba. Juma'a ta zo, mota ba ta zo ba. Sai da aka yi wata huɗu kafin ya sake ɗaga wayata, kuma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Baba ya ƙara shekara biyu da mu. Bayan an share makoki, gwaggonmu ta ce tunda mai abin ya tafi, sai in gyara ɗakin saboda baƙi. Na ce mata baƙi su zauna a falo.

Yanzu ɗalibaina na aji uku suna zuwa ran Alhamis, biyar-biyar, in nuna musu yadda ake rufe layi da yadda ake buɗe shi. Na ƙara tasha ta uku, Sule Tankarkar, kuma tana ba ni wahala, don inda layi ya rabu biyu dole sigina ta ƙi sauka sai an daidaita hanyar tukuna. Sau uku ina warwarewa. Ga kuma gara ta fara cin ƙafar katakon, na yi magana da mai walda a kasuwa zai yi mini ta ƙarfe.