Akwatunan Ashana a Cikin Rumbu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba kakata ta buɗe rumbun iri, sai ga ƙananan ƙwari masu fukafukai suna tashi daga zangarniyar gero. Na san lokacin domin ina zaune da agogon Baba a hannu, ina koyon ɗaura masa zare.

Shekara ta biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa a Tsamaye. Geron da ke rumbun nan ba na ci ba ne, irin da za a shuka ne, kuma babu wani bayansa.

Kaka ta sa hannu ta zaro akwatunan ashana goma sha ɗaya. Nawa ne. A cikin kowanne akwai malam-buɗe-littafin dare, busasshe, na kafe shi da ƙayar aduwa, na rubuta garin da ya fito. Kawuna mai fatauci ne yake kawo mini su daga kasuwanni, har daga Nijar. Yakan miƙo akwati yana dariya, ya ce, "Malama, ga baƙonki na Kamarawa, bai biya kuɗin mota ba."

Na lura na Kamarawa launin ƙasa ne, na tsallaken iyaka sun fi haske, kamar rairayi. Ɗaya na garin Tozai yana da fararen ɗige a jere, ban taɓa ganin irinsa ba. A rumbu na ɓoye su saboda yana kan duwatsu, gara ba ta hawa.

"Ke kinka kawo muna wagga masifa," in ji Kaka. "Kin aje uwayen, ga ɗiyan nan sun fito."

"Matattu ne, Kaka."

"Matacce ba ya barin ƙwai?"

Ni ma ban sani ba. Ta ce a ƙona su. Baba ya ce a jira ranar kasuwar garin Isa, a nuna wa malamin gona. Kwana uku muna shanya zangarniya a rana, muna barbaɗa toka da ganyen dogonyaro. Babu wanda ya zage ni. Har yau in na ji ƙanshin dogonyaro, tsakar gidan nan nake gani, da innata tana juya gero da ƙafa.

A Isa ni da Baba muka sami malamin gona a gindin tsamiya, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Baba ya gaya masa abin da Kaka ta ce, ni kuma na jera akwatunan a kan benci, na ajiye ƙwarin rumbu a gefe cikin ƙyalle. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta rubutuna, ya buɗe littafinsa ya rufe, ya sake buɗewa. A kan na Tozai ya fi daɗewa.

Da ƙyar na ce, "Malam, ni na ɓata irin?"

"A'a, ɗiyata. Na rumbu daban ne, tun kakarki tana yarinya yake cin hatsi. Naki na daji ne, ba ruwansu da busasshen gero. Ki gaya mata ni na ce. Wanga na Tozai kuwa ban san shi ba, babu shi a littafina. Kar ki bari a ƙona shi."