Jakadan Dambalasa a Tsiga

Idan ka shiga kasuwar hatsi ta Bakori ka tambayi Maitama mai ɗinkin buhu, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Jakadan Dambalasa, ko mai tallan ruwa zai nuna maka rumfarsa. Mutumin Tsiga ne, manomin masara da dawa kamar ubansa, ranar kasuwa kuma ya zo da basillarsa da zarensa ya riƙa ɗinke bakin buhunan mutane. Abin da ya raba shi da sauran talakawan Allah shi ne yana da ƙasa guda sukutum a cikin bakinsa.

Asalin maganar, yana saurayi ya tafi cin rani Kurmi. Sa'o'insa suka dawo kafin shuka, wannan da rediyo, wancan da keke. Shi kuwa sai da damina ta wuce wata ta zo, sannan ya dawo a rame kamar sillen kara, yana ɗingishi, da tabon sara a ƙafar hagu da bokitin roba guda. A wajenmu wanda ya dawo daga cin rani ba ya cewa ya sha wuya. Ko dai ya buɗe jaka ya raba tsaraba, ko ya buɗe baki. Maitama ya leƙa jakarsa ya ga ba ta da abin faɗa, sai ya ce ai shi ya wuce Kurmi, ya haye ruwa ya shiga Dambalasa.

Ƙasar, in ji shi, tsibiri ne mai siffar ƙwarya a kife, fadar sarki tana can bisa dutse a tsakiya. Ruwan sama yana sauka Litinin da Alhamis bayan la'asar, don kada ya ɓata wa mutane kasuwa. Ƙasar noma baƙa wuluk, ba ta san taki ba, ba ta san ƙuduji mai kashe shuka ba. Kana karya masara a wannan kunyar, ta kusa da ita tana goyo. Mutanen kuma kashi-kashi ne. Akwai na tudu masu noman goro, waɗanda da jajayen haƙora ake haifarsu. Akwai na ruwa, a kwalekwale suke tashi su tsufa, in suka taka ƙasa jiri ke ɗibarsu. Akwai wasu gajeru cikin daji da ba su taɓa kai ƙara ba, har alƙalin yankinsu ya gaji da hamma ya koma kiwon agwagi.

Inda jama'a suka fi matsowa shi ne wajen mulki. A Dambalasa in sarki ya rasu, sai a jera masu son gadon a bakin gona, a miƙa wa kowa garma, wanda ya riga kai ƙarshen kunya shi ake naɗawa. Majalisar sarki ba ta da kujeru, a tsaye ake shawara, shi ya sa tun da aka kafa ƙasar ba a taɓa kafa kwamiti ba. Wazirin da ke rabon iri ana ɗora shi a sikeli ranar naɗi, a sake ɗora shi bayan kaka, in ya ƙara nauyi a tuɓe shi. Duk shekarar da takin rabo ya iso mana bayan an gama girbi, sai ka ji Dambalasa ta yi sabuwar doka. Tabon ƙafar ma ya samu ƙarin girma, ya zama cizon wani kada da sarki ke kiwo a tafkin fada.

Labo dillalin hatsi ne kaɗai ya ƙi ba da kai. Shekara da shekaru yana cewa, "To Jakada, ƙasar da ke da wanga daɗi, mi ya koro ka da bokiti?"

"Kewar tuwon dawa," in ji Maitama, ba tare da ya ɗago daga buhu ba.

Sauran manya sun san yadda ake cin irin wannan labari. A yi dariya, a yi wa masu mulki tsaki, a koma gona. Mero matar Maitama ita ta san ainihin abin, domin a farkon aurensu zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi, ya yi ta sambatu yana roƙon wani mai gonar koko ya bar shi ya huta, ƙafarsa tana jini. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba.

Abin da Maitama ya manta shi ne akwai wanda ke saurare tun yana rarrafe. Iliya, ɗansa na fari, ya girma ya zama magidanci, kuma duk Tsiga babu mai kamo shi a huɗa. Shekarar da masararsu ta tsaya iya gwiwa ta yi ja saboda rashin taki, suna gama kwashe ɗan abin da aka samu ya zo ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ka kwatanta mini hanyar Dambalasa."

Maitama ya gyara zama. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ai na ji sarkin ya rasu, ƙasar a rikice take."

"Ashe garma za a raba," in ji Iliya, fuskarsa ta washe. "Wa ya fi ni huɗa?"

Mero, wadda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunan Iliya ba, ta tare mijinta a bakin rumbu. "Malam, ka faɗa wa yaron nan gaskiya. Ƙaryar nan ta tsufa a gidan nan, ta isa haka."

Kuma ya yi niyya, wannan kam a ba shi. Ya fita neman Iliya, ya same shi a gindin dalbejiya cikin abokansa yana ba su labarin sikelin waziri, yana buga ƙirji yana cewa, "Babana da idonsa ya gani." Maitama ya tsaya daga nesa. Ya ji tsoron fuskar da yaron zai yi masa fiye da yadda ya ji tsoron tafiyar. Don haka jarumin namu ya kwatanta masa hanya ɗaya tilo da ya sani. A Funtua ake hawa motar hatsi, a sauka wani ƙauye a Kurmi, a tambayi gonakin koko na bakin rafi, daga nan kowa ya san hanya. Ya lallashi kansa da cewa yaron zai nemi jirgin fito ya rasa, ya dawo kafin a gama sussukar dawa.

Iliya ya kama hanya. Aka gama sussuka, rani ya raba, wayar Iliya a kashe. Jakada ya daina kafa dokoki. Ran nan ana tsakiyar cin kasuwa a Bakori wayar Maitama ta yi ƙara, ya ga lambar ɗansa. Labo ya yi wuf ya ce, "Buɗe murya kowa ya ji. Yau dai za mu san inda Dambalasa take." 'Yan dako da masu awo suka kewaye rumfar.

"Baba, na iso," in ji Iliya. Muryar ta shaƙe, yana magana yana danne tari. "Komai yana nan yadda ka faɗa. Dutsen, da mutanen ruwa, da sikelin."

Daga bayansa ana jin saran adda a kan ƙwallon koko, da wani yana daka wa ma'aikata tsawa cikin yaren da Maitama bai manta ba. 'Yan kasuwa suka ce ga fadawa can suna kirari.

"Na ga tsohon sarkin ma, ashe bai rasu ba," Iliya ya ci gaba. "Ya gane ni da kamanninka. Ya ce in tambaye ka ƙafa."

Maitama ya gane mai gonar kokon nan yake nufi. "Ka dawo gida kafin ruwa ya sauka."

"Sai na samu abin tsaraba, Baba. Ka san ba a dawowa haka nan."

Wayar ta katse. Rumfa ta kaure da surutu. Labo ya cire hula ya ce a yafe masa, ashe shi ne jahilin duk shekarun nan. Har ya matso ya rage murya, ya ce ko za a kwatanta wa Aƙilu ɗansa hanyar. Maitama ya ci gardamar da ya yi rabin rayuwarsa yana yi, ga shi zaune da basilla a hannunsa, ya kasa zura mata zare.

Da ya koma Tsiga ya tarar labari ya riga shi. Mata sun shigo yi wa Mero barka sun watse, tana zaune ita kaɗai tana tankaɗe. Ba ta tambaye shi dutse ko sikeli ba.

"Ya ka ji muryar Iliya?" ta ce, ta kira sunan ɓaro-ɓaro.

Maitama ya zauna a bakin rumbu yana murza tabon ƙafarsa.

"Irin wadda na dawo da ita ce," in ji shi.