Motar da Ta Yi Ƙiba

Shekarar da aksil ɗin bayan motarmu ya karye karo na uku, yayana ya rantse sai ya sayo wanda ko giwa ta hau ba zai lanƙwashe ba. Aksil shi ne ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin mota yana riƙe da tayoyin baya. Motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce mai ja gaba da baya, da ita muke fito da tumatir daga gonarmu ta rani a Watari. Kwando arba'in kacal Yaya yake loda mata, ita kuma don rashin kunya sai ta karye.

Hanya ɗaya ce zuwa gonar, wani siririn burtali a gefen gonar maƙwabcinmu, dattijo Kirista, abokin marigayi mahaifinmu tun suna kiwon awaki. Baba muke ce masa. Burtalin ma ƙasarsa ce. Da baki ya ba mahaifinmu, babu takarda babu shaida, sharaɗi ɗaya ya kafa: a wuce, amma kada a taɓa masa kunya ko ɗaya. A wajenmu gona manne take da gona, kuma a kan kunya ɗaya na ga 'yan'uwa sun daina gaisawa. Duk ranar da Baba ya toshe hanyar nan, tumatirinmu sai dai ya ruɓe a inda yake.

Yaya dillalin shanu ne a kasuwar Ɗambatta, saboda haka babu abin da bai sani ba a duniya. Muka shiga Kano wajen masu kayan mota. Ya zagaya wannan ƙarfe, ya bubbuga wancan, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa. Ni dai jira nake ya buɗe masa baki ya duba haƙora.

Mai shagon ya jawo wani ya ce, "Alhaji, ga na irin motarku, Beljiyam ne, bai sha wahala ba."

"Wannan ramammen? Ai irinsa ne ya kashe ni." Yaya ya nuna wani jibgege a lungu, na babbar mota. "Wancan nake so."

"Ya fi naku faɗi fa, Alhaji. Kun auno?"

"Ni da nake kallon bijimi in faɗi nauyinsa, ni za a tambaya awo?"

Lissafi nake koyarwa a makarantar garinmu, kuma tef ɗin awo yana cikin aljihuna. Ban fito da shi ba, don ba zan gyara wa yayana zance a gaban baƙo ba. Tarbiyya ke nan, an gode mini.

Makaniki ya yi kwana biyu yana walda yana tsaki kafin abin ya zauna. Tayoyin baya suka leƙo waje, mota ta koma kamar kwaɗo ya tsuguna. Yaya ya ce yanzu ta yi kwarjini.

Lodin farko ko ƙara aksil bai yi ba. Yaya yana tuƙi yana yabon kansa, ni kuma na kalli madubi. Tayar dama tafe take a kan kunyar albasar Baba, tana shafe ta tun daga bakin burtali har ƙarshe.

Washegari muka ɗauki goro muka tafi ba da haƙuri, Yaya yana ta bitar hujjoji a hanya. Muka tarar da Baba duƙe da fartanya. Ba ƙaya yake kafawa don toshe hanya ba. Sabuwar kunya yake tayarwa, taku ɗaya cikin gonarsa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, 'ya'yana. Na ga motar taku ta yi ƙiba, shi ne na ce bari in matsa mata."

Yaya ya fara, "Baba, wallahi ba mu…"

"Ubanku ya riƙe maganarsa har ya koma. Ni ma bari in riƙe tawa."

Yaya ya cire hula, ya karɓi fartanyar, ya duƙa.

Har yau tsinannen aksil ɗin ya ƙi karyewa, balle mu sami dalilin cire shi. Baba kunya ɗaya ya rasa. Mu kuwa duk sanda muka bi burtalin nan sai mun ɗauko tamu.