Wuƙar Kwali

Ni 'yar fari ce, Inna kuwa Badamagariya ce ta ainihi, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da baƙi ta ce "waccan". A gidanmu na unguwar Akébé, can ƙasar Gabon, ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, kunyar ɗan fari ce. Ni ma ban taɓa damuwa ba sai shekarar da malaminmu na Faransanci ya ɗora mini wasan kwaikwayo.

Tsohon wasan Turawa ne, na saurayi da budurwa waɗanda gidajensu ke gaba da juna. Ni aka ba budurwar. Da farko yarinyar saliha ce, duk abin da uwarta ta ce sai "to". Tana kamuwa da so ta rikiɗe, ta yi baki, ta iya ƙarya, a ƙarshe ta tarar da gawar saurayin ta daɓa wa kanta wuƙa. Kullum malam faɗa yake yi mini: in ɗaga kai, in kalli mutum cikin ido, in faɗi abin da ke raina. To, na koya. Wallahi har na zarce.

Lokacin an karya darajar sefa. Shagon atamfar Baba a kasuwar Mont-Bouët ya yi sanyi, katin izinin zaman Inna a ƙasar ya mutu ba a sabunta ba. Ana cikin haka hukuma ta sa baƙi a gaba. 'Yan sanda na tare taksi a mararraba, wanda ba shi da kati a jefa shi mota, daga nan sai ƙasarsu. Baba ya kafa doka, ko ƙofar gida kada Inna ta leƙa.

Ana gobe wasan na ce ta zo ta kalla. Tana tankaɗe, ta ce, "Ke, kin san halin da ake ciki."

Sai na tsaya mata yadda nake tsayawa a dandali, hannu a ƙugu, ido cikin ido. Na ce iyayen kowa za su zo. Na ce dama can ba ta damu da ni ba, ko sunana ba ta iya faɗa, sai ka ce a bola aka tsinto ni. Har muryar budurwar na ara, mai rawar nan. Kuma daɗi na ji, ina ganin na zama wata. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan la'asar aka yi wasan a farfajiyar lakwal, wato makarantarmu. Na duba cikin jama'a ban gan ta ba. Muka zo ƙarshe, saurayin, wani dogon ɗan Gabon, ya miƙe a ƙasa ya mutu. Na ɗauki wuƙar. Kwali ce aka naɗe da takarda mai ƙyalli, ga ledar zoɓo ɓoye a cikin farar rigata. Na ɗaga, na daɓa, ja ya wanke mini ƙirji.

Sai ihu daga can baya. Sunana ne, cikakke, haɗe da salati. Ashe Inna ta zo. Ta taho tana ture kujeru, mayafi na jan ƙasa. Ko kalma ɗaya ba ta ji a Faransanci, kuma ba wanda ya gaya mata yadda wasan ke ƙarewa.

Wuri ya kaure da dariya. Gawar saurayin ma kafaɗunta rawa suke yi. Ni ina kwance ido rufe, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyarta nake ji, kaico, kunyar zanenta da Hausarta a gaban mutane. Ban tashi ba, na ci gaba da mutuwata har aka ja labule.

Da na fito ba ta nan. Maƙwabciyarmu da ta rako ta ta ce kunya ce ta kore ta, ta ambaci sunan 'yar fari a bainar jama'a, ba ta ko tsaya jiranta ba. Ita kaɗai ta shiga taksi. A mararraba 'yan sanda suka sauke ta.

Washegari Baba ya tafi da ni ofishin 'yan sanda, ina riƙe da kwanon tuwo. Bai yi mini faɗa ba, da ma marina ya yi na huta. Mata ne zube a ƙasa bayan ƙarafa, an ce jibi za a kwashe su. Tun daga gida na shirya magana doguwa, irin ta cikin wasan. Ina ganinta, ko kallon idon nan da na koya ya gagare ni. Na durƙusa kaina a ƙasa.

Ta ziro hannu ta tsakanin ƙarafan, ta ɗage mayafina, ta shafa daidai inda na daɓa.

"Ba ki yanke ba dai ko?"

"Kwali ce, Inna."

"To, alhamdulillahi," ta ce, ta karɓi tuwon.

Ranar da aka faɗa kuwa aka tafi da su, kuma ƙafarta ba ta sake taka Gabon ba.