Shekara Ashirin Kawu Hudu Yana Neman Gida

Duk wanda ya san Kawu Hudu tela, yayan mahaifiyata, ya san butarsa. Ba ta alwala nake nufi ba, wata tsohuwar koriyar buta ce da yake ratayawa a kekensa duk ranar da dillali ya ce masa akwai gidan sayarwa. Da an buɗe masa gida, ba ya leƙa ɗaki, ba ya kallon rufi. Tsakar gida zai tsaya ya tuttular da ruwan, ya tsuguna yana bin sa da ido. In ruwan ya nufi rariya, to a ci gaba da magana. In kuwa ya doshi ƙofar ɗaki, sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ruwa ya riga ni kama ɗaki," ya hau kekensa ya bar dillali da mukulli a hannu.

Shekara ashirin da ɗoriya Kawu yana wannan aiki a Wudil. Kuma ba rashin hali ba ne, kun sani. Tun tuni ya sayar da gonar gadonsa ta Utai ya zuba a shanu, wani abokinsa na Lajawa yana kiwata masa. Abin da ya faru, yana yaro gidan mahaifinsu ya rufta da damina, tun daga nan bai sake yarda da bango ba.

Wadda ta sha wahalar wannan taka-tsantsan ita ce matarsa, Inna Rabi. Gidan haya shida ta zauna. Ko ƙusa za ta kafa ta rataya faifai, sai an aika an tambayi mai gida. Ba ta neman bene, ba ta neman tayil, ita dai a ce ga inda yake nata. Da ta yi magana sai Kawu ya ce mata sauri ya haifi nawa, ita kuma ta ce ai nawar ma ta yi jikoki.

Dillalan gari duk sun gaji sun sallama shi, sai Sabo kaɗai, wanda ya yi rantsuwa sai ya ga ƙarshen abin. Wata rana Sabo ya samo gida a bayan kasuwa, ruwa ya bi rariya sumul. Muka fara yi wa Inna Rabi barka. Kawu ya ce a dakata, ba a sayen gida sai an sayi unguwa. Sati guda yana buga keke zuwa masallacin unguwar yana bin jam'i. Ran na takwas ya aika wa Sabo cewa ya fasa. Sabo ya zo shago yana haki yana tambayar laifin gidan.

"Gida ba laifi," in ji Kawu, ƙafarsa na kan keken ɗinki. "Liman ne. Da Baƙara yake buɗe baki, ni kuwa gwiwata iyakarta Ƙulhuwallahu."

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gidan wani malamin jami'a da zai koma garinsu. Ni na raka Kawu da kaina. Ginin siminti ne, ga rijiya, ga bishiyar lemo, liman kuma tsoho ne mai saurin sallama. Kawu ya zagaya sau uku, ya ƙwanƙwasa kowane bango, bai samu abin cewa ba. Na ga fuskarsa tana ɓaci maimakon ta saki. Muna fita ya raɗa mini cewa akwai lauje cikin naɗi, gidan da ba shi da aibi mai shi ba ya sayarwa. Sabo da ya samo gidan kuwa kwana biyu ya yi bai fito kasuwa ba.

Bara waccan hawan jini ya kayar da Inna Rabi, ɓarin jikinta ya shanye. Ina zaune a gefen gadon asibiti ta jawo hannun rigar Kawu da hannunta mai lafiya, bakinta a karkace.

"Malam, ni dai kada a fitar da gawata daga gidan haya."

Washegari da safe Kawu ya aika Lajawa a koro shanun, ya je ya tsaya a kan Sabo ya ce duk gidan da ke hannunsa a ba shi yau. Sabo ya ce saura ɗaya, kuma shi kansa ba zai ba maƙiyinsa shawarar saye ba. Kawu ya ce ya saya. Ko ƙofar gidan bai gani ba sai ranar tarewa.

Kai, gida kam ya amsa sunansa! Ɗakin tsakiya yana yoyo, zauren ƙunci, ga wata kwana kamar an yi ta da gayya. Amma Inna Rabi ta warware a cikinsa, har tana jan ƙafa tana share tsakar gida. Kawu kuma ban taɓa jin ya kushe gidan ba, sai dai in an yi ruwa ya jera kwanoni yana tarar yoyo.

Wata takwas ya yi a ciki, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Da aka gama suturta shi aka ɗauko makara, sai ta ƙi juyawa a kwanar zauren. Aka karkata, aka ja da baya, abu ya faskara. Mutane suka tsaya cirko-cirko, wani ya ce ko a sauke shi a fito da shi a hannu, wani ya ce ai ba a taɓa bango ba izini. Sai muka ji muryar Inna Rabi daga cikin ɗaki.

"Ku fasa bangon. Gidansa ne, ba wanda za mu tambaya."

Sabo ne ya ɗauko diga, yana sara yana share hawaye.

Allah Ya jiƙan Kawu Hudu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi gidan da babu abin dubawa a cikinsa. Inna Rabi kuma Allah Ya ƙara mata lafiya da haƙurin rashinsa.