Gaisuwar da Ta Ci Gwiwa

A gidanmu na Kurugu, gaisuwa ba abin wasa ba ce. Babana yana iya yafe maka ka taka masa shuka, amma ka wuce shi ba sannu, ko ya yi maka sannu ka yi shiru, to ka shiga baƙin littafinsa. Haka muka tashi. Ko akuya ce ta leƙo zaure, ƙannena kan ce saura kaɗan Baba ya tambaye ta ya gida.

Sai Allah ya haɗa ni da mutumin Rogo mai sana'ar yanke itace da inji. Injin nan mai sarƙa, wanda in aka tayar da shi unguwa guda take sani. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, amma a kan injinsa ba ya da sauƙi. Ba ya taɓa shi da babbar riga, sai matsattsun kaya da takalmi mai kauri. Yakan toshe kunnuwansa da auduga, ya sa tabarau saboda ɓarɓashi. In wayar lantarki ta bi ta cikin rassa, sai an sauke ta tukuna, ko da an yi mako babu wuta, don a cewarsa wutar garinmu ba ta sallama in za ta dawo. Babbar dokarsa kuwa ita ce, muddin inji na kuka, bai san kowa ba. Ba ya ɗaga hannu, ba ya waiwaye, sai ya kashe.

Wannan dokar ce ta jawo masa baƙin jini. Mutanenmu ba sa iya wuce mai aiki ba su ce sannu da aiki ba. Su faɗa, su ji shiru, su tafi suna cewa mai injin nan ya fara jin kansa. Ni abin haushi yake ba ni, don na san mutumin da nake aure ko kaza ba ya iya yi wa tsawa.

Wata rana wani aminin Baba ya same shi yana aiki a hanyar Beli, ya tsaya ya yi ta sannu har ya gaji, ya kai labari Kurugu da zafinsa. Tun daga nan, in mun je gaishe da Baba, maigidana ya cire takalmi ya durƙusa, Baba ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. Abin ya ci maigidana ƙwarai. Maraya ne, tun aurenmu ya ɗauki Baba uba, kuma ba abin da yake tsoro kamar tsohon nan ya ɗauke shi marar tarbiyya.

Da damina iska ta kwantar da darbejiyar tsakar gidanmu na Kurugu, ta jingina da katanga. Maigidana ya ce ga damar da zai wanke kansa. Muka tafi tare. Muka tarar Baba ya fita ta'aziyya, shi kuwa ya ce bari ya rage aiki kafin ya dawo. Ya kori yara waje, ya ce mu mata kada wadda ta wuce bakin madafi, ya tayar da inji.

Ina tankaɗe na hango Baba ya shigo. Na ga bakinsa ya motsa, na san sallama ce. Ya matso, ya sake magana. Maigidana ya ba shi baya, kunne a toshe. Na ga fuskar Baba ta canza. Na miƙe ina kiran, “Baba, dakata!” amma wa zai ji ni a cikin wannan ƙara? Ya ƙarasa, ya miƙa sandarsa ya taɓa kafaɗar surukinsa.

Maigidana ya waiwayo. Da wani ne, na tabbata sai ya kashe inji ya ajiye tukuna. Amma Baba ya gani, Baban da ke fushi da shi a kan gaisuwa. Jikinsa ya yi abin da ya saba tun yana yaro, ya zube zai durƙusa, injin na hannunsa. Ya saki makunnin injin, amma sarƙar ba ta tsayawa nan take. Ta same shi a saman gwiwar hagu.

Bai yi ihu ba. Ya kashe injin, gidan ya yi tsit, sannan na ji ya ce, “Baba, barka da dawowa.” Har yau in na tuna wannan maganar sai idona ya ciko.

Baba ne ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙafar. Aka samo mota aka kai shi asibiti a Ƙaraye. An ɗinke, ƙafa ta tsira, mun gode Allah. Sai dai gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. Ko salla, miƙe ƙafar yake yi in zai zauna.

Na yi fushi da Baba, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina gaishe shi a waya da irin taƙaicewar da ya koya mini. Sai ga shi wata safiya a Rogo a bayan ɗan acaba, mutumin da tun da aka kawo ni bai taɓa taka gidan ba saboda kunya. Maigidana na kwance a zaure. Yana ganinsa ya fara kokawar tashi.

“Zauna, Malam,” in ji Baba.

“Baba, ai ba a yi haka ba.”

“Na ce ka zauna. Ka riga ka gaishe ni gaisuwar da ta ishe ni har in mutu.”

Ya zauna kusa da shi a tabarma ɗaya. Ya ɗauki audugar da ke cikin jakar aiki ya jujjuya, ya tambaya ko da gaske in an sa ta ba a jin komai. Maigidana ya ce ko ganga ake kaɗawa. Baba ya mayar da audugar cikin jakar.

Bayan kaka ƙafa ta yi ƙwari, maigidana ya koma Kurugu ƙarasa darbejiyar, don har lokacin gangar jikinta na kwance a tsakar gida. Kafin ya tayar da inji, Baba ya ja tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin zaure, ya gitta sandarsa a ƙofa. Duk wanda ya ji ƙara ya leƙo zai yi sannu da aiki, sai Baba ya tare shi.

“Kawo nan, ni nake karɓa masa. Lafiya lau yake, ya gode.”

Har amininsa na hanyar Beli ya zo, shi ma a nan aka tsayar da shi. Ina daga ciki ina dariya, mutumin da ya fi kowa rigimar gaisuwa ya zama mai gadinta.

Da injin ya yi shiru, Baba ya leƙa ya tabbatar an ajiye shi a ƙasa, sannan ya taka ya isa wurin. Na ga maigidana ya cire audugar, ya fara sunkuyawa yana neman yadda zai yi da ƙafar. Baba ya riga shi. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe shi a tsaye, ya ce, “Sannu da aiki, ɗana.”